Ba turarenki ya kori barewa ba, iska ce ta tona maigida

Assalamu alaikum Kawu. Ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Columbus ta jihar Ohio shekara tara ke nan. Shekara biyu da suka wuce abokan aikin maigidana suka koya masa farautar barewa da baka. Ban ƙi ba, don muna cin naman. Amma bana abin ya zama fitina. Tun ƙarshen Satumba ya hana ni kunna turaren wuta a gidan, ya hana humra, daren Juma'a ko miyar daddawa ba a yi, wai ƙamshi na kama kayansa barewa na gudu. Sai Fabrairu, in ji shi. Ga wasu sandunan ƙarfe da yake ɗaurawa jikin bishiya yana hawa, na hannu ya saya a Facebook, ya zauna a gareji ya huhhuda su wai su rage nauyi. Makon jiya ya dawo yana ɗingishi, da ƙyar ya ce ɗaya ce ta zame da shi. Yanzu kuma yana son sayen sababbi na dala ɗari huɗu da wani abu. Mutum ne mai jiki, ya kai kilo 110. Kawu, gidana ya daina ƙamshin gida, kuma kuɗin nan muna da abin yi da su. In tsaya a kan turarena, ko in yi haƙuri?

Wa alaikumus salam, 'yata.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Karon farko na yi dariya a kan miyar daddawa, karo na biyu dariyar ta tsaya inda kika ce ya huhhuda sandunan. Ke da maigida duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Rigimar turare mai sauƙi ce, akwatin roba ɗaya zai kashe ta. Ɗingishin nan da kika ambata a layi guda kika wuce, shi ne maganar.

Amma tunda turaren ne ya fi ci miki rai, bari mu fara da shi.

Maigidanki bai yi ƙarya ba a kan hancin barewa. Barewar Amurka mai farar jela da hanci take rayuwa. Idonta bai kai namu rarrabe launi ba, ja da ruwan lemo ba sa yi mata tsawa kamar yadda suke yi mana, amma warin ɗan Adam ba ya ɓuya mata. Na sha ganin haka da idona. Kana zaune sama da ƙafa ashirin, sanyin Nuwamba ya daskarar da yatsunka, uwar garke ta fito tana kiwo hankali kwance. Sai ka ji iska ta ɗan juyo ta taɓa ƙeyarka. Ba a yi ƙiftawa biyar ba ta ɗaga kai, ta miƙa wuya, ta buga ƙafar gaba a ƙasa sau ɗaya, sau biyu, ta yi wani huci mai kama da fito, jelar nan fara ta tashi tsaye, shi ke nan. Ita da duk wata barewar da ke kwarin sun san da zamanka. Ranar da hakan ta fara faruwa da ni, na yi wanka da sabulu marar ƙamshi, kayana sun kwana uku a waje, ko man shafawa ban taɓa ba.

Abin da nake so ki gane ke nan. Barewa ba humra take gudu ba, mutum take gudu. Numfashinsa, zufar da ya yi yana hawan tudu da kaya a baya, maiƙon fatar kansa, waɗannan ba a wanke su a gama, don jiki na sake fitar da su kowane minti. Maharban gida sun san wannan tun kakanni. Mai shigar burtu yana yaudarar ido ne, ya ɗaura kan tsuntsu a goshi yana rarrafe, amma ba ka taɓa ganin ya tunkari dabba iska na bin bayansa. Zai ɗebi ƙura ko toka ya saki ya ga inda ta nufa, sannan ya zagaya. Maharban Ohio ma haka suke yi, sai dai su audugar wata ciyawa suke saki, 'yar'uwar tumfafiya ce, ƙwansonta ya bushe ya fashe da kaka. Ka saki sili ɗaya ka bi shi da ido har taku talatin, ka ga yadda ya lanƙwasa ya gangara rafi. Inda ya je, nan warinka ya je. A ƙasar tuddai irin ta kudu maso gabashin jihar, wajen dajin Wayne, abin ya fi rikitarwa: da safe idan rana ta ɗumama ƙasa iska hawa tudu take yi, da yamma idan sanyi ya sauko sai ta gangara kwari, ko da wayarsa ta ce daga yamma take busowa. Wanda bai koyi wannan ba, ko a gidan da ba a taɓa dafa abinci ba yake kwana, barewa za ta tona shi.

Kasuwar kashe wari kuwa babba ce a ƙasar nan, kuma sabon maharbi shi ne abincinta. Akwai feshi, akwai sabulu, akwai riguna masu gawayi a ciki, akwai na'urar ozon, mai fitar da wata irin iska da ake cewa tana kashe wari. Har kotu an je a kan rigunan gawayin: a 2010 wani alƙalin tarayya a Minnesota ya ce tallar da ke cewa suna kawar da wari gaba ɗaya ba gaskiya ba ce, a 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin. Ni dai abin da na ɗauka shi ne suna ragewa, ragewa kuma tana da ɗan amfani, amma ba ta kai a hana mace turare wata huɗu da ɗoriya ba. Na'urar ozon ɗin nan ma, in ya kawo ta, kada a kunna ta a ɗakin da yara suke, ba a shaƙar iskar da take fitarwa, kuma tana cin roba da lastik. Kada ya kusantar da ita ga duk abin da zai rataya ransa a kai.

Inda yake da gaskiya shi ne hayaƙin turaren wuta yana kama tufafi ƙwarai, ai don haka muke son sa. To maganin ba a kashe kasko ba ne, a raba kaya da hayaƙi ne. Ya sayi akwatin roba babba mai murfin da ke rufuwa gam. Kayan farauta tun daga safa har hula a wanke su da sabulun wanki marar ƙamshi, ko da bekin soda kawai, a shanya a waje, kada a sa su a na'urar busarwar gida da ta sha takardun ƙamshi. Su shiga akwatin, akwatin ya zauna a gareji ko bayan mota, ba ya shigowa falo har kakar ta ƙare. Da asuba ya yi wanka, ya fita da kayan gida, idan ya isa bakin daji ya sauya a tsaye bayan mota, ya zura takalmin roba mai tsawo wanda bai taɓa taka gidan mai ba. Sanyi zai ci shi na minti uku. Farashin sha'awarsa ke nan, shi ya kamata ya biya, ba ke da yara ba. Abin da zan roƙa miki a madadinsa guda ne: tawul ɗaya da zanen gado ɗaya da ba a turara ba, don daren da zai fita. Wannan ba faɗuwa ba ce. Daddawa kuwa a ci, wallahi babu ruwanta.

Su kansu sandunan ba sa riƙe wari yadda yake zato. Goran ruwa ne ko zaren kabon (wani haɗi mai ƙarfi marar nauyi, ba ƙarfe ba), a goge da ruwa da tsumma ya isa. Abin da ke shan wari shi ne maɗauri, da igiya, da tef mai laushi da ake naɗa musu don kada su yi ƙara in sun haɗu. Waɗannan suna shan zufar hannu, da warin fetur in an ajiye su kusa da injin yankan ciyawa. Kada ya fesa musu man sassauta noti, warinsa ya fi humrarki nisan zango. Kuma sandar ƙasa, wadda take daidai hancin dabba, ita ce aka fi kula da ita: ya riƙe ta da safar hannu.

To yanzu ki gyara zama.

Sandunan nan, ga wanda bai taɓa gani ba, kowace ba ta wuce tsawon hannu ko kamu biyu ba, da matakai biyu ko uku, da haƙora a baya masu cizon ɓawon itace, da maɗauri guda da ke zagaye bishiyar. Mutum ya ɗaura ta farko ya hau, ya ɗaura ta biyu yana tsaye a kanta, haka har uku ko huɗu, ya kai ƙafa goma sha biyar zuwa ashirin, wajen mita biyar zuwa shida, nan ya rataya ɗan dandamalin da zai zauna. Dalilin yawaitarsu shi ne a filayen farauta na gwamnati a Ohio doka ta hana buga ƙusa ko murɗa ƙarfe cikin itace, kuma mai neman inda babu jama'a sai ya yi tafiya mai nisa da kaya a baya. Shi ya sa kowa ke haukar rage nauyi. Akwai sandar da nauyinta bai kai rabin kilo ba, kuma yawan sauƙinta yawan tsadarta.

Akasarinsu an rubuta musu iyakar fam 300, wato kilo 136, kuma lissafin ya haɗa da tufafi da jaka da duk abin da ke jikin mutum. Maigida kilo 110 ne. Ƙara masa kayan sanyi, takalmi, dandamali a baya, ya doshi 125. Yana cikin iyaka, da sauran ɗan rata, in sandar tana yadda ta fito daga masana'anta. Amma shi ya ɗauki na'urar huji ya bi ta da ramuka. Daga ranar lambar nan ta 136 ta daina aiki, kuma babu wanda ya san lambar da ta maye gurbinta, har shi. Goran ruwa yana da wani hali: ba ya yawan gargaɗi. Hawa da sauka, hawa da sauka, gajiya na taruwa a cikinsa, tsaga mai kaurin gashi ta fara daga bakin rami ko gefen walda, wata rana da asuba ta ƙarasa. Kowane rami da ya ƙara wurin farawar tsaga ne. Ga shi kuma na hannu ne, bai san sau nawa suka faɗo daga sama a hannun mai su na farko ba. Waɗannan sanduna sun gama aiki, 'yata. Kada ma ya sayar wa wani, alhaki ne. A kai su inda ake tara ƙarafa.

Ke nan amsar maganar kuɗi ba za ta yi miki daɗi duka ba: sai ya sayi wasu, in dai zai ci gaba da hawa. Inda kike da gaskiya shi ne ba sai na dala ɗari huɗu ba. Abin da ake biya a masu tsadar nan sauƙin ɗauka ne, ba ƙarin tsaro ba. Na goran ruwa na talaka, masu ɗan nauyi, sababbi a kwali daga kamfanin da ke bin ma'aunin ƙungiyar masu ƙera dandamalin bishiya ta TMA, suna ɗaukar nauyi iri ɗaya, kuma in an kula da su suna shekaru. Bambancin nauyin gaba ɗaya 'yan kilo ne kawai. Mutum mai kilo 110 da ke neman rage 'yan kilon nan, Allah ya ba shi haƙuri, akwai hanyar da ba a biyan ko sisi. Na kabon suna da daɗinsu, ba sa ƙara, ba sa ƙona hannu da sanyi a Disamba, amma in suka bugu da dutse lahanin na iya ɓuya a ciki ido bai gani ba. Sabon shiga da ke jefo kaya daga sama ba shi ya kamata ya fara da su ba.

Sai dai fa ko sabuwar sanda ce, ba ƙarfen ne ya fi kayar da mutane ba, maɗaurin ne da hannun mai ɗaurawa. Ni ma na taɓa. Shekarata ta uku da fara hawa, na bar sanduna a jikin wata bishiya tun kakar da ta wuce don ƙyashin kwancewa. Na dawo cikin duhu da fitila a goshi, na taka ta farko lafiya, ta biyu lafiya, ina ɗora nauyi a ta uku na ji wani ɗan "tas" kamar an tsinka zaren buhu. Igiyar da ke ƙuguna ce ta manna ni da bishiyar, haɓata ta daki ɓawo, na ɗanɗani jini. Da gari ya waye na duba maɗaurin: rana ta cinye launinsa ya koma toka-toka, kurege ya gaigaye gefe ɗaya, bishiyar kuma ta ƙara kauri ta ja sauran har ya ƙare. Ba laifin wanda ya ƙera ba ne, nawa ne. Maɗauri kuɗinsa bai kai na pizar yara ba. Wanda ya kwana shekara a waje, ko ya yi gashi-gashi a gefe, ko ɗinkinsa ya fara warwarewa, a yanka shi biyu a jefar don kada a yi sha'awar sake amfani da shi.

Wasu na cire maɗaurin su sa siririyar igiyar Dyneema, wadda ake sayarwa da sunan AmSteel. Tana da ƙarfi na ban mamaki, ba ta shan ruwa, don haka ba ta riƙe wari sosai. Amma santsi gare ta, ƙullin da muka saba yana zamewa ko ya rage mata ƙarfi, saƙa ta ake yi cikin kanta, kuma ba ta son zafi. Mai huda ƙarfe a gareji shi ne irin mutumin da zai kalli bidiyo ɗaya ya ce ya iya. In zai yi, ya sayi wadda aka riga aka saƙa.

Zamewar da ta sa shi ɗingishi, ina kyautata zaton bai zaunar da sandar ba ne. Bayan an ɗaure, sai an kama ta da hannu biyu an fizgo ƙasa da ƙarfi har haƙoran su nutse, sannan a taka a hankali, nauyi a tsakiya, ba a tura ta gefe ba. Bishiyar ma zaɓa ake yi. Mai ɓawo sumul, ko mai ɓawon da ke ɓarewa falle-falle irin na wani itace da ake kira hikori, ba ta riƙe haƙori. Mafi haɗari a Ohio su ne matattun itatuwan ash. Wani ƙwaro kore mai sheƙi da aka fara gani kusa da Detroit a 2002, ya shigo Ohio a 2003, ya kashe su da yawan gaske, kuma da ƙarshen kaka yawancin itatuwa sun zubar da ganye, matacce da mai rai kamarsu ɗaya ga baƙon ido, balle cikin duhu. Ya je da rana ya zaɓi bishiyarsa tukuna.

Tambayar da za ki yi masa yau da dare, bayan ya ci ya ƙoshi, ba a gaban yara ba, ita ce: Abban yara, ranar da ka zame, a ɗaure kake? Ɗingishin ya riga ya ba ni amsa. Akwai rigar igiya da ake sawa ta kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi, akwai kuma igiyar ƙugu da ke zagaye bishiya, irin ta masu hawa turken wutar lantarki, tana tafiya da mutum mataki-mataki ta bar masa hannu biyu yana aiki. Mutane da yawa suna ɗaure kansu ne sai sun zauna a sama, alhali yawancin faɗuwa a hawa ne da sauka da lokacin tsallakawa daga sanda zuwa dandamali. Ƙa'idar ita ce daga barin ƙasa har dawowa ƙasa babu daƙiƙar da ba ya haɗe da itacen. Idan ya tarar da reshe, ya ɗaura igiya ta biyu a samansa kafin ya kwance ta farko. Baka kuma ba a hawa da shi, a ƙasa ake barinsa a janyo da zare. Rigar igiyar tana da ranar ƙarewa a jikin takardarta, yawanci shekara biyar, kuma wadda ta taɓa tare mutum a faɗuwa ta gama nata. Ya duba har ɗan maɗaurin da ake taka ƙafa a kai in an rataye, don rataya a cikinta na tsawon lokaci na tara jini a ƙafafu har mutum ya suma.

Kada ki shiga maganar da turare a baki, zai ɗauka ramuwa ce. Namiji da ya samu abin da yake jin shi gwani ne a ƙasar da kullum ana tuna masa shi baƙo ne, yana kare abin nan fiye da ƙima. Ki fara da ƙafarsa. Ki ce kin yarda a sayi sababbin sanduna masu matsakaicin kuɗi, da rigar igiya, da igiyar ƙugu, da akwatin roba, duka a cikin ɗari huɗun nan da ya ware, kuma za su isa in bai bi masu tsada ba. Ranar Lahadi ya gwada su a bishiyar bayan gida ko inda aka yarda, sanda ɗaya tak daga ƙasa, ke kina tsaye kina kallo, ya hau ya sauka har hannunsa ya iya ba tare da ido ba. Sharaɗinki biyu: tsofaffin su bar gidan, kasko kuma ya koma aiki ranar da akwatin ya shigo gareji.

Ki ƙara na uku, ƙarami. Duk ranar da zai fita ya turo miki ta waya daidai wurin da bishiyar take, da lokacin da zai sauko, da lambar ɗaya daga abokan nan nasa da ya san dajin. Wayar ta zauna a aljihun ƙirji, ba cikin jakar da ke rataye a reshe ba. Farkon Nuwamba lokacin barbara ne, mazan barewa na yawo har da rana tsaka, zai so ya wuni a sama tun asuba har magariba. Ki bar shi ya wuni. In awa ɗaya ta wuce da faɗuwar rana ba ki ji shi ba, kuma wayarsa ba ta shiga, ki kira abokin, kada ki jira isha.

Ƙafar kuma, in har yanzu tana kumbure bayan mako guda, a je a ɗauki hotonta kafin ya sake taka wata sanda.

Kawu